Yadda Tsutsotsin Faɗa-wuta Ke Tsira Daga Sanyin Hunturu

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Kanada da Rasha da arewacin Turai, hunturu kan zo da sanyin da ke daskarar da koguna, ya kakkaɓe ganyen itatuwa, ya binne ƙasa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara na tsawon watanni. Tsuntsaye da yawa kan yi ƙaura zuwa kudu kafin ya iso, wasu dabbobin kuma su shige ramuka. Tsutsa ba ta da fiffiken tashi, jikinta ba ya samar da ɗumin kansa, kuma mafi yawansa ruwa ne. Duk da haka, da zarar ƙanƙara ta narke sai a ga tsutsotsi sun fito suna cin sabon toho. Masana ilmin ƙwari sun shafe kusan shekara 300 suna bin diddigin yadda hakan ke faruwa, kuma abin da suka gano ya shafi noma a ko'ina, har da gonakin gero da dawa na ƙasar Hausa.

Faɗa-wuta da matakan rayuwarta

Faɗa-wuta ita ce ƙwaron nan mai kama da malam-buɗe-littafi da ke kewaya fitila da dare. Dangi ɗaya suke da malam-buɗe-littafi, amma faɗa-wuta ta fi shi yawa nesa ba kusa ba, domin nau'o'inta da masana suka rubuta sun haura 100,000. Asun da ke cin tufafi a cikin adaka na cikinsu, haka ma ƙwaron da ake samun zaren siliki daga gare shi.

Rayuwarta mataki huɗu ce. Ana fara ta da ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta ci ta girma tana saɓa fata sau da dama, sa'an nan ta ƙunshe kanta ta shiga matakin rikiɗa, daga bisani ta fito da fiffike. Kowane nau'i yana da matakin da yake ƙetare hunturu a cikinsa. Ƙwaron siliki na gida yana yin hakan ne yana ƙwai, wasu suna yi a cikin ƙunshin rikiɗa, kaɗan kuma suna manya. Da yawa daga cikin manyan maɓarnatan gona suna ƙetare shi ne suna tsutsa, shi ya sa wannan mataki ya fi jan hankalin masu bincike.

Kwanciya iri biyu

Masana sun bambanta tsakanin kwanciya iri biyu, kuma bambancin yana da muhimmanci. Ta farko ita ce sumar da sanyi kan jefa ƙwaro cikinta nan take. Idan gari ya yi sanyi sai motsi ya tsaya, idan rana ta fito ya ji ɗumi sai ya ci gaba da harkarsa. Ba shiri a cikinta, sanyin ne kawai ya ɗaure shi.

Ta biyu ita ce wadda ake kira dayafos a harshen kimiyya, wato dakatar da girma bisa tsarin da ke cikin jikin ƙwaron. Tana farawa tun sanyi bai zo ba. Tsutsar za ta ƙara cin abinci ta tara kitse, ta bar wurin kiwo ta nemi mafaka, girmanta ya tsaya, numfashinta ya ragu ƙwarai. Wadda ta shiga wannan hali ba ta farkawa don kawai an kai ta wuri mai ɗumi, sai wa'adin da jikinta ya ɗiba ya cika. Hikimar a bayyane take: da ɗumin yini biyu a tsakiyar kaka zai tashe ta, da ta ci gaba da girma ta rikiɗa, sanyi ya riske ta a matakin da ba ta da kariya.

A nau'o'i da dama sanyin ne da kansa ke warware wannan ƙulli. Bayan makonni a cikin sanyi dayafos kan ƙare, sau da yawa tun hunturu bai yi nisa ba, amma tsutsar ba ta motsawa domin har yanzu sanyi na riƙe da ita. Haka nan duk tsutsotsin yanki guda, waɗanda suka kwanta da wuri da waɗanda suka makara, sukan tashi kusan lokaci ɗaya idan bazara ta kama, abin da ke sa manyansu su fito tare su samu abokan barbara.

Sinadaran homon ne ke riƙe da linzamin lamarin. A shekarun 1940 Carroll Williams na Jami'ar Harvard ya nuna, ta hanyar dasa ƙwaƙwalwar da aka sanyaya a jikin wata babbar faɗa-wuta mai kwance a matakin rikiɗa, cewa umarnin ci gaba da girma daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma sanyi ne ke sake buɗe hanyar wannan umarni. A shekarar 1951 wasu masana biyu na Japan, Fukuda da Hasegawa, kowa a nasa binciken, suka gano cewa uwar ƙwaron siliki ce ke fitar da sinadarin da ke kwantar da ƙwanta. A tsutsotsin da ke huda karan hatsi kuwa, an ga cewa a wasu nau'o'in homon ɗin ƙuruciya ne ke ci gaba da yawa a jini ya hana su rikiɗa.

Yadda tsutsa ke sanin hunturu na tafe

Zafi da sanyi ba abin dogaro ba ne, domin wata shekarar sanyi kan zo da wuri, wata kuma ya makara. Abin da ba ya saɓa alƙawari shi ne tsawon yini. A birnin Landan yini kan haura awa 16 a watan Yuni, ya koma ƙasa da awa 8 a watan Disamba, kuma haka yake kowace shekara. Tsutsotsin ƙasashen sanyi suna auna wannan canji, musamman tsawon dare, ta hanyar ƙwayoyin da ke jin haske a ƙwaƙwalwarsu. Idan yini ya gajarta ya kai wani ƙayyadadden tsawo, sai jiki ya karkata zuwa shirin kwanciya.

Masanin nan na Tarayyar Sobiyet, Aleksandr Danilevsky, wanda ya yi aiki a birnin Leningrad, ya nuna cewa wannan ma'auni yana canjawa daga wuri zuwa wuri ko da nau'in ƙwaron ɗaya ne. Na can arewa, inda hunturu ke saurin zuwa, suna fara shiri tun yini yana da tsawo sosai, na kudu kuma suna jira sai ya ƙara gajarta. Gado ne kowace al'umma ta ƙwari ta samu daidai da ƙasarta. Sanyin dare da tsufan ganyen da tsutsar ke ci suna ƙara ƙarfafa saƙon.

Illar ƙanƙara ga jiki

Ruwa idan ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, kuma yana zama ƙananan tsinaye masu kaifi. Idan hakan ya faru a cikin ƙwayar halitta, sai ya yayyaga ta, kuma a mafi yawan halittu wannan mutuwa ce. Akwai illa ta biyu da ba a gani da ido. Ƙanƙara zallan ruwa take ɗauka, ta bar gishiri da sauran sinadarai a ɗan ruwan da ya rage, sai ya yi kauri ya riƙa zuƙo ruwa daga cikin ƙwayoyin halitta har su yanƙwane. Saboda haka tsutsar da ta daskare tana fama da bushewa ne kamar wadda aka shanya a rana.

Hanyoyi biyu tsutsotsi suka bi don kauce wa wannan. Wasu suna hana ruwan jikinsu daskarewa ko ta halin ƙaƙa. Wasu kuma suna barin ƙanƙarar ta shiga, amma su tsara inda za ta tsaya.

Masu hana daskarewa

An saba cewa ruwa yana daskarewa a digiri sifiri na ma'aunin Salshiyas. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai ya samu wani abu da ƙanƙarar farko za ta kafu a kansa, kamar ƙura ko ɓarɓashi. Ɗan ɗigon ruwa mai tsabta yana iya kaiwa kusan digiri 40 ƙasa da sifiri yana nan a ruwansa. Tsutsa ƙaramar halitta ce, ruwan jikinta bai wuce ɗigo ba, don haka tana cin moriyar wannan ɗabi'a ta ruwa.

Matakin farko shi ne ta daina cin abinci ta kasayar da duk abin da ke cikinta, domin ragowar ganye da ƙwayoyin bakteriya da ke hanji su ne mafi saurin jawo ƙanƙara. Na biyu, ta saƙa wa kanta ɗan ɗaki na siliki a ƙarƙashin ɓawon itace ko cikin kara. Wannan ɗaki ba bargo ba ne, ba ya ɗumama ta. Amfaninsa shi ne ya raba fatarta da ƙanƙarar waje, wadda idan ta taɓa jikin mai laima sai daskarewa ta bi ta ƙofofin fata ta shige ciki.

Mataki na uku shi ne mafi ban mamaki. Tsutsar na juya abincin da ta adana a jiki zuwa gilisarol, sinadarin nan da aka sani da gilisirin, wanda ake shafawa da hunturu don kada fata ta tsage. Sanyi ne ke tayar da aikin, domin sinadarin da ke narka ajiyar sikarin jiki yana fara aiki gadan-gadan ne idan yanayi ya sauka kusa da sifiri. Gilisarol yana riƙe ruwa ya hana shi haɗuwa ya zama ƙanƙara. Masanin Kanada R. W. Salt na cikin waɗanda suka fara bayyana rawar da yake takawa a jikin ƙwari a shekarun 1950. Kenneth Storey da Janet Storey na Jami'ar Carleton da ke Ottawa sun daɗe suna nazarin wata tsutsa mai suna Epiblema scudderiana, wadda ke kwana cikin kumburin karan wata ciyawa a sarari, iska na bugunta. A tsakiyar hunturu gilisarol kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta, kuma ba ta daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifiri.

Wasu nau'o'in suna ƙarawa da furotin na musamman mai hana ƙanƙara girma. Da zarar ɗan tsinin ƙanƙara ya fara kafuwa, sai wannan furotin ya manne masa ya hana ƙarin ruwa hawa kansa. An samu irinsa mai ƙarfi a jikin Choristoneura fumiferana, tsutsar da ke cinye tohon itatuwan katako a dazuzzukan gabashin Kanada, wadda ke ƙetare hunturu tana 'yar mitsitsiya a cikin ɗakin siliki a kan reshe. Masu bincike a Jami'ar Queen's da ke Kingston ne suka ware shi a shekarun 1990.

Raunin wannan hanya ɗaya ne: ba ta da gyara. Idan sanyi ya zarce iyakar da jikin ke iya riƙewa, ƙanƙara kan mamaye shi cikin ƙiftawar ido, tsutsar ta mutu.

Masu jure daskarewa

Rukuni na biyu ba sa jayayya da ƙanƙara. Sukan bar ta ta kafu tun sanyi bai tsananta ba, sau da yawa 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifiri, wasu ma suna da abubuwan da ke kiran ta a cikin jini. Dalili shi ne ƙanƙarar da ta fara da wuri a hankali take yaɗuwa, kuma a wajen ƙwayoyin halitta take tsayawa, cikin jini da hanji. Ruwa na fita daga ƙwayoyin sannu a hankali, cikinsu ya yi kauri da gilisarol da sikari har ya ƙi daskarewa. Wani sikari mai suna tirihalos yana kare fatar ƙwayar don kada ta tsage yayin da take yanƙwanewa. Kusan kashi biyu cikin uku na ruwan jiki kan iya zama ƙanƙara a haka. Zuciya ta tsaya, motsi ya ɗauke, tsutsar ta yi tauri kamar tsakuwa, amma ranta na nan.

Tun a shekarun 1730 masanin Faransa René de Réaumur ya rubuta cewa wasu tsutsotsin suna farfaɗowa bayan sun daskare, wasu kuma ba sa farfaɗowa. Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda aka yi a balaguron da John Ross ya jagoranta zuwa yankin Aktik na Kanada daga 1829 zuwa 1833, inda ƙanƙara ta riƙe jirginsu shekara da shekaru. James Clark Ross, ɗan ɗan'uwan jagoran, ya tara gizaka kimanin 30 a akwati ya bar su a waje wata uku. Da aka shigo da su ɗaki mai ɗumi, dukansu suka farfaɗo suna tafiya. Aka sake fitar da su suka daskare, da aka dawo da su 23 ne suka tashi. A karo na uku 11, a na huɗu kuwa biyu kacal. An sa wa wannan nau'i sunan Ross, wato Gynaephora rossii. Darasin gwajin ya tabbata a binciken zamani: daskarewa sau ɗaya mai tsawo ta fi sauƙi ga tsutsa a kan daskarewa da narkewa a kai a kai, domin kowane zagaye yana barin rauni kuma gyaransa na cin ajiyar jiki.

Gizakar da ke shekara bakwai

'Yar'uwar waccan, Gynaephora groenlandica, ita ce zakara a wannan fage. Tana zaune a Girinland da tsibiran arewacin Kanada, ciki har da Ellesmere, inda rana ba ta fitowa tsawon watanni a hunturu, ba ta kuma faɗuwa tsawon watanni a bazara. Jikinta lulluɓe yake da gashi mai kauri. An nuna a ɗakin gwaji cewa tana iya tsira daga sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri.

Bazarar wannan yanki gajeriya ce, ba ta isar tsutsa ta girma a shekara ɗaya. Gizakar kan farka ne a watan Yuni da narkewar ƙanƙara, ta ci sabon tohon wani ɗan itace mai yaɗo a ƙasa da ake kira Salix arctica. Mafi yawan lokacinta ba a ci take yin sa ba, a shan hantsi take yi, tana juya jikinta ga rana don ya yi ɗumin da zai narka abincin. Bayan 'yan makonni kaɗan, tun bazara na tsakiyarta, sai ta daina ci ta nemi gindin dutse ta saƙa ɗakinta ta kwanta. Masana sun danganta wannan gaggawa da abubuwa biyu: ganyen yana rasa amfaninsa idan ya tsufa, kuma a daidai lokacin ne wani ƙuda da wata zanzaro masu saka ƙwai a jikin gizaka suke fitowa, waɗanda ke hallaka da yawa daga cikinsu.

Haka za ta yi ta yi, kowace shekara ta saɓa fata sau ɗaya ta ƙara girma kaɗan. Binciken Olga Kukal na shekarun 1980 ya ƙiyasta cewa rayuwar na ɗaukar shekara 14, amma wani nazari da aka wallafa a 1998 ya gyara lissafin zuwa kimanin shekara 7. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan tsawo a kwance take yin sa. An kuma lura cewa a lokacin kwanciyar tana rage yawan mitokondiriya, wato sassan ƙwayar halitta da ke ƙona abinci su ba da ƙarfi, sa'an nan ta sake gina su idan ta farka. A shekarar ƙarshe sai ta rikiɗa ta fito da fiffike. Babbar ba ta cin abinci, kwanakinta ƙalilan ne, aikinta barbara da saka ƙwai.

A ɗaya ɓangaren duniya kuma, a tsibirin Marion mallakar Afirka ta Kudu, akwai wata faɗa-wuta marar tashi mai suna Pringleophaga marioni. Tsutsarta na jure daskarewa marar tsanani, kuma an fi samun ta da yawa a cikin sheƙar wani babban tsuntsun teku, inda ɗumin mai kwanci ke sa wurin ya fi ƙasar da ke kewaye ɗumi.

Gizakar da ake duba da ita a Amurka

A Amurka da Kanada kowane yaro ya san Pyrrharctia isabella, gizaka mai baƙin kai da baƙar wutsiya da jan tsakiya, wadda ake gani tana tsallaka hanya da kaka tana neman tarin busasshen ganye. Ita ma tana daskarewa ta farfaɗo. Mutanen karkara sun daɗe da camfin cewa idan jan tsakiyar ya yi faɗi hunturu zai zo da sauƙi, idan baƙin ya rinjaya zai tsananta. Camfin ya ƙara bazuwa bayan 1948, lokacin da Howard Curran na gidan adana tarihin halittu da ke New York ya auna wasu gizaki, jaridu suka yayata. Har yau ana bikinta duk shekara a garin Vermilion na jihar Ohio da Banner Elk na jihar North Carolina. Kimiyya ba ta samu alaƙa tsakanin launin da hunturu mai zuwa ba. Faɗin jan yana ƙaruwa ne yayin da gizakar ke girma tana saɓa fata, saboda haka labarin abin da ya wuce yake bayarwa.

Abin da ya shafi manomi

Maɓarnacin da ya tsira da hunturu shi ne irin ɓarnar baɗi. Tsutsar karan masara ta Turai, Ostrinia nubilalis, wadda aka fara gani a Amurka kusa da Boston a 1917, tana kwana ne a cikin kututturen kara da ɓargon masarar da aka bari a gona. Shi ya sa manoman can suka daɗe suna daddatse kara ko binne shi da garma bayan girbi. Tsutsar tuffa, Cydia pomonella, tana fita daga ɗan itacen ta saƙa ɗaki a ƙarƙashin ɓawo, don haka masu lambu kan ɗaura kwali mai kwarmi a gindin itace, ta shige ciki, su kwance su ƙone. Jar tsutsar auduga, Pectinophora gossypiella, a cikin gurya take kwanciya, abin da ya sa ƙasashe masu noman auduga suka riƙa ƙayyade lokacin tuge itacen audugar da kuma tsaftace iri.

Akwai kuma wadda ba ta da dayafos sam. Tsutsar nan mai cin kunnen masara, Spodoptera frugiperda, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a farkon 2016, ciki har da kudu maso yammacin Najeriya, asalinta nahiyar Amurka ce. A can sanyi na kashe ta duk shekara a mafi yawan ƙasar Amurka, ba ta tsira sai a kudancin jihohin Florida da Texas, daga nan ne manyanta ke sake tasowa arewa da bazara har su kai Kanada. A Najeriya babu hunturun da zai yi mata wannan shara. Muddin akwai ɗanyar masara, ta damina ko ta noman rani, tana hayayyafa ba hutu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ta zauna daram a nahiyar.

Kwanciyar rani a ƙasar Hausa

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar ruwa ba ya daskarewa, amma akwai watanni shida zuwa takwas da babu ɗanyen hatsi a gonakin tudu. Tsutsotsin wannan yanki suna amfani da dayafos don ƙetare rani kamar yadda na Kanada ke ƙetare ƙanƙara. Tsutsar karan dawa da masara, Busseola fusca, da ta karan gero, Coniesta ignefusalis, dukansu suna kwanciya a cikin busasshen kara bayan girbi. Launin jikinsu kan koɗe, su daina ci, su rayu da kitsen da suka tara.

Tsawon yini a Kano bai bambanta da fiye da kimanin awa ɗaya da rabi tsakanin Yuni da Disamba ba, don haka a nan saƙon ya fi zuwa daga shukar kanta. Idan kara ya tsufa, ruwansa da furotin ɗinsa suka ragu, sai tsutsar ta karkata ga kwanciya. Farkawar kuma tana da alaƙa da laima: jiƙewar kara da ruwan farko na taimaka wa tsutsar ta rikiɗa, sai faɗa-wutar ta fito daidai lokacin da shuka ta yi kunne.

Karan da ake tarawa don danga da rufin ɗaki da rumfa shi ne mafakar waɗannan tsutsotsi, kuma sau da yawa yana dab da gona. Binciken da aka yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ya nuna cewa babbaka karan dawa sama-sama jim kaɗan bayan girbi yana kashe mafi yawan tsutsotsin da ke ciki, kuma karan ya ci gaba da amfani wajen gini. Shimfiɗa kara a ƙasa ya sha rana, maimakon jingine shi a tsaye cikin inuwa, shi ma yana rage su, haka nan ƙarar da tsohon kara ta hanyar ciyar da dabbobi ko girki kafin faɗuwar damina. Amfanin waɗannan matakai ya fi fitowa idan manoman gari suka yi su tare, domin faɗa-wutar da ta fito daga dangar maƙwabci ba ta san iyakar gona ba.

Sauyin yanayi

Ɗumamar duniya na taɓa wannan tsari ta fuskoki da dama, kuma ba duka ne ke yi wa tsutsa daɗi ba. Dusar ƙanƙara mai kauri bargo ce ga abin da ke ƙarƙashinta, domin ƙasan kan tsaya kusa da sifiri ko da iskar sama ta yi tsananin sanyi. Inda dusar ta ragu, tsutsar da ke cikin busasshen ganye na fuskantar daskarewa da narkewa a kai a kai, irin wadda ta ƙarar da gizakin Ross. Hunturu mai ɗumi kuma na sa jiki ya ƙona kitse da sauri, tsutsar ta farka da rama, babbarta ta saka ƙwai kaɗan. Tsawon yini bai canja ba alhali zafi ya canja, don haka agogon da ƙwaron ya gada yana iya saɓa wa lokacin tohon ganye.

Wasu nau'o'in kuwa riba suke ci. A Faransa, Thaumetopoea pityocampa, gizakar da ke kiwo cikin hunturu tana fakewa a babbar sheƙar siliki a kan itatuwan fayin, ta matsa arewa cikin 'yan shekarun nan har ta kai yankin birnin Faris, saboda daren hunturu ya rage tsanani. Gashinta na sa ƙaiƙayi mai tsanani ga mutane da dabbobi. A yankunan noma kuma, tsawaitar lokacin ɗumi na ba wasu maɓarnata damar ƙara zuriya ɗaya a shekara kafin su kwanta. Saboda haka hukumomin aikin gona a ƙasashe da dama suke lissafin tarin ɗumin kowace rana tun daga ƙarshen hunturu, don su hango ranar da faɗa-wutar farko za ta fito, su sanar da manoma lokacin da ya dace a duba gona da sa magani.